Bertinoro, garin da ke da turken baƙi

Jirgin ƙasan da ke tashi daga Bologna ya nufi Rimini yana bin gefen wata tsohuwar hanya mai suna Via Emilia, wadda Rumawa suka shimfiɗa tun shekara 187 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Hanyar miƙaƙƙiya ce sambal, garuruwa kuma a jere suke a kanta: Imola, Faenza, Forlì, Cesena. In ka duba hagu, fili ne fetal har bakin teku, ba abin da kake gani sai gonakin 'ya'yan itatuwa da rumfunan masana'antu. In ka duba dama, tsaunukan Apennine ne suka fara ɗagowa. Tsakanin Forlì da Cesena akwai wani tudu da ya turo gaba ya tsaya, ga gari a kafaɗarsa, ga wani katafaren gini a bisa kansa. Nan ne Bertinoro, nan kuma aka gayyace ni taron bita na masu nazarin lissafin kwamfuta, a ƙarshen wani watan Satumba.

A Forlì na sauka. Daga tasha zuwa garin bai kai kilomita 20 ba, sai dai ƙarshen tafiyar duk hawa ne da kwana-kwana. Lokacin tsinkar inabi ne, don haka jifa-jifa sai direbanmu ya rage gudu ya bi bayan ƙaramar tarakta mai jan tirela maƙil da inabi, ruwansa na ɗiga a kwalta, ƙudan zuma na biye. Ba wanda ya danna wa wani oda. Kowa ya san a wannan wata hanya ta manomi ce.

Masaukinmu tsohuwar makarantar horar da limaman coci ce, wadda aka gyara aka mayar da ita ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci. Ɗakin da aka ba ni ba shi da wani ƙyale-ƙyale: gado, tebur, kujera, banɗaki, da taga mai ƙyauren katako. Da na tura ƙyauren sai ga jajayen rufin gidaje sun gangara bi da bi, a ƙarƙashinsu gonakin inabi layi-layi, can ƙasa kuma filin da na ratso da rana. Daga nan kullum safiya muke hawa da ƙafa zuwa ginin da ke kan tudun, wanda mutanen garin ke kira Rocca, wato fadar dutse mai katanga. Hawan gajere ne amma a tsaye yake, a kan daɓen duwatsun da sawun mutane ya goge har suna santsi. Duk wanda ya iso ƙofa sai ya ɗan tsaya ya mayar da numfashi, daga farfesa mai furfura har ɗalibin da ya zo riƙe masa jaka.

Ginin ya kai kimanin shekara dubu. Da farko gidan sarautar masu mulkin yankin ne, kuma a cikinsu wadda aka fi tunawa mace ce, Aldruda Frangipane, wadda a 1173 ta ja dakaru ta je ta taimaka aka kori rundunar da ta yi wa birnin Ancona ƙawanya. Rundunar kuwa ta sarkin daular Jamus ce, Frederick, mai laƙabin Barbarossa saboda jan gemunsa. Shekara huɗu bayan haka, a 1177, sai ga shi da kansa ya sauka a wannan fada da mutanensa. Mai karanta tarihin Musulunci ya san sunan: shi ne sarkin da ya ɗebo runduna ya nufi yaƙar Salahuddin Al-Ayyubi, ruwan wani kogi ya ci shi a ƙasar Turkiyya ta yau a 1190, bai kai ga Ƙudus ba. Na daɗe ina jin labarinsa daga ɓangaren waɗanda ya nufa da yaƙi. Tsayawa a tsakar gidan da ya kwana sai ta sa na gan shi a mutum mai gajiya da yunwa, wanda shi ma sai da ya hau wannan tudun kafin ya samu wurin kwanciya.

Daga nan garin ya yi ta sauya hannu. Gidan Ordelaffi na Forlì suka riƙe shi, su ne suka gina fadar da ke dandalin garin a 1306, wadda har yau ita ce ofishin ƙaramar hukuma, da hasumiyar agogonta. Wajen 1360 wani babban limamin Fafaroma ɗan Sifaniya, Albornoz, ya rushe Forlimpopoli da ke gindin tudun saboda ta yi masa tawaye, kujerar bishop ta tashi daga can ta dawo Bertinoro. Gidan Malatesta suka yi nasu zamanin, Cesare Borgia ya karɓe a 1500. A 1584 bishop ya tare a cikin Rocca, gidan yaƙi ya koma gidan malamin addini, ya kuma zauna a haka shekaru ɗari huɗu. A 1986 aka haɗe yankin cocin Bertinoro da na Forlì, aiki ya koma birni, aka bar ƙaton gini a kan tudu ba mai kwana a ciki.

A nan ne labarin irin waɗannan gine-gine ya saba ƙarewa: a sa kwaɗo, a ɗauki mai gadi, rufi ya fara yoyo. Mutanen Bertinoro da Jami'ar Bologna, wadda ke ƙirga shekarunta daga 1088, sai suka bi wata hanya. Suka gyara ginin, a 1994 suka buɗe cibiyar taruka da kwasa-kwasai ta jami'a wadda baƙi ke kwana a cikinta. Tun daga lokacin, mako bayan mako, ƙungiya na sauka wata na hawa: likitoci, masu nazarin ƙwayoyin halitta, masana tattalin arziki, da irinmu masu kwamfuta, waɗanda har cibiyarsu ta musamman gare su a wurin.

Ɗakin da muka fi zama yana bene na sama. Bangonsa da rufinsa duk zane ne na fenti da aka yi tun zamanin bishop-bishop, launin ya ɗan kwanta amma bai goge ba. A ƙarƙashin wannan zane aka kafa majigi da farin allo. Kaurin bangon ya sa kowace taga ta zama ɗan lungu da mutum zai iya zama a ciki ya ɗora kwamfutarsa a cinya, kuma da rana tsaka, ana zafi a waje, ciki da sanyinsa. Na lura ba a fasa bango an tura waya yadda aka ga dama ba. An bi da wayoyin ta gefe, ta inda in an tashi cire su gobe ba za su bar tabo ba. Wannan kaɗai ya nuna mini irin mutanen da suka yi aikin. Sun ɗauki kansu a matsayin 'yan haya a gidan da ya girme su, wanda kuma suke so ya wuce su.

Na halarci manyan taruka a otal-otal na birane, inda mutum dubu ke cika zaure, kowa ya yi jawabin minti goma sha biyar, a tafa, a watse, wasu su tafi kasuwa, wasu su koma ɗaki. Na Bertinoro ba haka yake ba, kuma wurin ne ya sa. Ba mu kai hamsin ba. Garin ƙarami ne, babu kanti na zamani da za ka ce bari ka leƙa, sauka birni kuma sai ka nemi mota. Saboda haka wanda ka yi musu da shi da safe, shi za ka tarar a teburin abincin rana, shi za ka ci karo da shi a matakala da la'asar, shi ne kuma zai zauna kusa da kai da dare. Tambayar da aka yanke saboda lokaci ya ƙare ba ta mutuwa, tana biyo ku har kan abinci. Akwai wata matsala da na yi watanni ina juyawa a kan yadda za a rarraba aiki tsakanin na'urori masu yawa idan hanyar sadarwa tana yawan yankewa. Wata malama 'yar ƙasar Girka ta ji ni ina bayani a zaure, ba ta ce komai ba. Da dare muna saukowa sai ta ce, "Dakta, me zai hana ka juya tambayar, ka fara daga na'urar da ta fi kowa rauni?" Muka tsaya a ƙarƙashin fitilar titi, ta zana abin a bayan takardar jadawalin taro. Rabin aikin da na yi a shekarar da ta biyo baya daga wannan takarda ya fito.

Turawa sun daɗe da gane wannan. Masana lissafi na da Oberwolfach a dajin kudancin Jamus tun 1944. Masana kimiyya na da Erice a kan wani dutse a Sicily tun 1963, cikin tsofaffin gidajen masu ibada. Masu kwamfuta na da fadar Dagstuhl a jihar Saarland tun 1990, inda har kujerun cin abinci ake cakuɗawa don kada mutum ya maƙale wa abokansa. Duka dabara ɗaya ce: a kai mutane kaɗan wuri mai nisa da hayaniya, a ciyar da su tare, a bar su da juna. Abin da Bertinoro ta fi su da shi, a ganina, shi ne karɓar baƙo tsohuwar sana'arta ce, kuma shaidar tana tsaye a tsakiyar gari.

A gefen dandalin da ake kira Piazza della Libertà akwai wani farin ginshiƙin dutse. A jikin gindinsa an kafa ƙawanyoyin ƙarfe goma sha biyu, zagaye da shi. Na tsuguna na kama ɗaya. Ta cika tafin hannu, tana da nauyi, tana lilo a jikin ƙugiyarta, in ka sake ta sai ta bugi dutse ta yi ƙara. Wani dattijo da ke zaune a benci da hularsa a gwiwa ya ga ina jujjuya ta, ya taso. Turancinsa kaɗan ne, Italiyancina bai kai nasa Turancin ba, sai wani abokin taro ɗan Bologna ya shiga tsakani.

Ga abin da garin ke faɗa game da ginshiƙin. A ƙarni na 13, idan baƙo ya shigo Bertinoro, manyan gidajen garin sai su hau gardama kan wanda zai sauke shi, har abin kan kai ga faɗa. Baƙo a lokacin shi ne rediyo, shi ne jarida. Shi ke kawo labarin abin da ke faruwa a Roma ko Venice, saukar da shi kuma girma ne ga gida. Sai wasu dattawa biyu, Guido del Duca da Arrigo Mainardi, suka kawo shawara: a kafa ginshiƙi, kowane gida da ƙawanyarsa. Baƙo in ya iso, duk ƙawanyar da ya ɗaure dokinsa a jiki, bai san ta wane ne ba, to ya zama baƙon wannan gida, ci da sha da kwana, ba mai ja. An cire ginshiƙin a 1570, aka sake kafa shi a 1926, kuma tun daga lokacin ake bikin karɓar baƙi a farkon Satumba. Yanzu da babu doki, ambulan ake ratayawa a ƙawanyoyin. Baƙo ya ciri ɗaya, ya buɗe, sunan gidan da ya gani a ciki can zai ci abincin rana. Dattijon ya dafa ƙirjinsa ya ce gidansu ma sun sha karɓa. Ya tambayi daga ina nake, aka ce masa Najeriya. Ya ce a gaya wa Farfesa ya makara da 'yan makonni, amma ya dawo baɗi, ya zo da yunwarsa.

Ina tsugune a wurin sai zango ya faɗo mini a rai. Fataken da suka yi ta kai natron da fata Gwanja suna dawowa da goro, in sun isa garin da ba nasu ba, akwai fatoma da zai sauke su, ya ajiye kayansu, ya ciyar da su, ya tsaya musu a ciniki. Da haka unguwannin Hausawa suka kafu daga Salaga har Kumasi. Mu ma mun san cewa karɓar baƙo ba a bar ta ga halin kirkin mutum ɗaya kawai ba, sai an yi mata tsari, an san wa zai sauke wa. Abin da ya burge ni a nan shi ne matsalar da tsarin ya zo warwarewa: masu son baƙon ne suka yi yawa. Ko da labarin ya sha gishiri a bakin masu ba da shi, garin da ya zaɓi wannan ya zama tarihin da yake alfahari da shi ya faɗi wani abu game da kansa. Mawaƙin Italiya Dante, wanda aka kora daga Florence a 1302 ya ƙare rayuwarsa yana cin arzikin gidajen mutane, ya ambaci Bertinoro da waɗannan dattawa biyu a cikin waƙarsa, yana kukan cewa karamcin mutanen da ya tafi. Ashe kukan "na da sun fi" ya haura shekara ɗari bakwai a wannan gari ma.

In ka juya wa ginshiƙin baya ka matsa bakin dandalin, za ka gane dalilin da ya sa ake kiran garin barandar Romagna, wato sunan yankin da yake ciki. Tudun ya haura mita 200 kaɗan, amma da yake gabansa fili ne, ido na tafiya har Tekun Adriatic. Ranar da gari ya yi wasai ana hango dogon benen Cesenatico a bakin ruwa, ana nuna maka inda Cervia take da filayen gishirinta, da wajen Ravenna. Wannan filin ne ruwa ya shafe a watan Mayun 2023, lokacin da koguna suka ɓalle suka shiga Faenza da Forlì da Cesena, ƙasa kuma ta yi ta zaftarewa a kan tsaunuka. Daga sama kana ganin yadda abin zai yiwu: duk ruwan da ya sauka a duwatsun nan, filin nan zai nufa.

Batun abinci sai Musulmi ya buɗe ido, kuma gara in faɗa dalla-dalla don mai niyyar zuwa. Abincin da yankin ke taƙama da shi wata gurasa ce fale-fale mai suna piadina, ana gasa ta a kan faffaɗan kasko, a naɗe ta da cuku mai laushi da ganye. A ido ba ta da wata matsala, gari ne da ruwa da gishiri. Amma a al'ada da kitsen alade ake kwaɓa ta. Akwai wadda ake yi da man zaitun, sai dai sai ka tambaya. Haka miyar naman da ake zubawa a taliya, galibi da naman alade a ciki, romon da ake dafa wasu taliyoyin ma sai an bincika. Na rubuta a takardar rajista cewa ba na cin alade ba na shan giya. Daren farko wata dattijuwa daga kicin ta fito da takardar a hannu tana neman mai ita. Ta tsaya a kaina ta bi abincin ɗaya bayan ɗaya da yatsa: wannan e, wannan a'a, wannan a'a. Da ta zo kan piadina ta girgiza kai da ƙarfi, ta ɗauke kwandon daga gabana. Washegari sai ga tawa daban a cikin ƙyalle, da zafinta, ta ce "olio", ta nuna kwalbar man zaitun. Na ce, "Na gode, Sinyora." Har muka tashi ba ta manta ba ko sau ɗaya, kuma ban sake tambaya ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ita kuwa ta haɗa duka biyun.

Giyar inabi kuwa ita ce arzikin garin. Irin inabin da ake kira Albana da Sangiovese su suka rufe tsaunukan, kuma a 1987 Albana ta zama farar giya ta farko da ta samu babbar shaidar inganci ta Italiya. A tebur za a miƙo maka. In ka ce a'a sau ɗaya an gama, a kawo maka ruwa. Inabin kansa, wanda aka tsinko da safe, na ci har na gode Allah.

Salla a ɗaki nake yi, alƙibla tana kudu maso gabas. Wani ɗan'uwa ɗan Tunisiya da muka haɗu a taron ya ƙwanƙwasa mini ƙofa da magariba ta farko ya ce, "Akhi, mu yi jam'i?" Daga ranar tare muke yi, ƙararrawar cocin Santa Caterina na bugawa a ƙasa da mu.

Shi ne ma ya ja ni gidan tarihin da ke ƙarƙashin Rocca. A tsofaffin kurkuku da ma'ajiyar ruwan fadar, cocin yankin ya buɗe gidan tarihi na addinai uku a 2005: Yahudanci, Kiristanci da Musulunci. Ana sauka ta matakala zuwa ɗakuna masu rufin baka, iska da ɗan danshi. An nuna littafin kowane addini da kayan ibadarsa da yadda mabiyansa ke bauta. Na shiga ina shirin ganin an yi mana bayanin da ba mu san kanmu a ciki ba, domin na sha ganin haka a wasu wurare. Abin da na tarar an yi shi da ladabi, ba a cakuɗa addinan an ce duk ɗaya ne ba, an bar kowane da fuskarsa. A ginin da mai shirin yaƙin Ƙudus ya kwana, yau ɗan makarantar Italiya na sauka a nuna masa yadda Musulmi ke salla. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Akwai dalilin da ya sa aka yi shi a wannan gari. Bertinoro ta taɓa samun unguwar Yahudawa, lungunanta na nan har yanzu, kuma a cikinta aka haifi malamin da Yahudawan duniya ke kira Bartenura, wato Obadiya na Bertinoro, wanda sharhinsa a kan littafin dokokinsu har yau ake buga shi tare da matanin. Ya kama hanya a 1486, ya bi ta Sicily da Rhodes, ya sauka Iskandariya, ya wuce Alƙahira a zamanin Sarki Ƙaitbay, ya ratsa Gaza, ya isa Ƙudus a 1488. A lokacin Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano. Wasiƙun da ya aiko gida suna cikin abubuwan da masana tarihi ke dogara da su wajen sanin yadda Masar da Falasɗinu suke a ƙarshen mulkin Mamluk. Ƙaramin gari ne a kan tudu, amma ɗansa ya bar wa duniya labarin ƙasashen Musulmi na zamaninsa.

Ba komai ne ya kwanta mini ba. Hawa da matakala suna wahalar da mai ciwon gwiwa ko mai keken guragu, kuma duk gyaran da aka yi, gidan yaƙi an gina shi ne don shigarsa ta yi wuya. Abin da ya fi damuna kuma shi ne waɗanda babu su a ɗakin. Irin wannan taro da gayyata ake zuwa, gayyata kuwa tana bin wanda aka sani. Daga Afirka ta kudu da Sahara ni kaɗai ne. Wani da aka gayyata daga wata ƙasa maƙwabciyarmu bai samu biza a kan lokaci ba, sunansa na jikin jadawali har aka tashi. Kuɗin jirgi kaɗai ya fi albashin wata da wata na malamin jami'a a wurinmu. Ƙawanya goma sha biyu na nan a dandali, amma sai wanda ya iya isowa gindin ginshiƙin ne zai ɗaura dokinsa. Na faɗi haka a zaman rufe taro, aka saurara, wasu suka rubuta.

Na kuma yi tunanin namu gine-ginen. Gidan Makama a Kano, Gobarau a Katsina, Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, fadar Sarkin Damagaram, tsohon garin Agadas da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2013. Ginin ƙasa ya fi na dutse bukatar hannu, duk damina sai an duba shi, an yi yaɓe. Gidan da ake kwana a ciki, ake dafa abinci, ake biyan kuɗin ɗaki, shi ne ake lura da tsagewar bangonsa tun tana ƙarama, shi ne kuma ke samar da kuɗin gyaran kansa. Jami'o'inmu na kashe kuɗi a zaurukan otal duk shekara. Da wata za ta ɗauki tsohon gida ɗaya mai zaure da soraye a cikin birni, ta ba magina na gargajiya su gyara shi, ta sa wuta da intanet ba tare da ta lalata shi ba, ta riƙa kai mutum talatin suna mako a ciki, da an ga bambanci a ginin da kuma a karatun.

Ranar da aka ba mu hutun yamma, wasunmu suka tafi Ravenna kallon zane-zanen duwatsu masu launi. Ni da mutum huɗu muka nufi Polenta, wani ƙauye 'yan kilomitoci daga Bertinoro, ta cikin gonaki. Masu tsinkar inabi na aiki da almakashi da akwatunan roba, cikinsu har da samari baƙar fata. Na yi wa ɗaya sallama ya amsa, ya ce daga Senegal yake. A Polenta akwai tsohon coci mai suna San Donato, wanda takardu suka ambata tun 911. Ciki da duhu, ginshiƙansa gajeru ne masu kauri, a kawunansu an sassaƙa fuskoki da dabbobi da hannun da bai damu da kyau ba. Ya kusa zama kufai a ƙarni na 19, sai Giosuè Carducci, malami a Jami'ar Bologna wanda daga baya ya ci kyautar Nobel a 1906, ya yi masa waƙa a 1897, hankalin jama'a ya dawo kansa, aka ci gaba da gyara. Daga wannan ƙauye ne 'yan gidan sarautar da ake kira "da Polenta" suka fito, waɗanda suka mulki Ravenna, su ne kuma suka sauke Dante a shekarunsa na ƙarshe har ya rasu a hannunsu a 1321.

Ranar Juma'a bayan abincin rana aka watse. Kafin mu gama fitar da jakunkuna, ma'aikata sun fara cire sunayenmu daga allon ƙofa suna liƙa na masu zuwa ranar Lahadi, wasu likitoci. Muka cika ƙaramar bas zuwa tasha, ɗan Tunisiya ya nufi Rimini, ni da malamar Girka muka hau na Bologna. Ta ciro takardar jadawalin nan, muka ci gaba daga inda muka tsaya, har jirgi ya wuce Imola ba mu gama layi na uku ba.